Wa Ya Tambayi Abu? Sharhi A Kan Littafin "Wa Zai Auri Jahila?" Da Dokokin Gidajenmu

A wannan fitowa mun ɗauko wani tsohon littafi da ya girmi yawancin matasan da za su karanta wannan shafi, wato Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a Kano a 1990. Wani zai ce, to ina ruwan mutanen Ibadan da labarin wani ƙauyen Arewa na shekara talatin da 'yan kai? Ruwanmu kuwa yana nan tsundum. Rigimar da ke cikin littafin ita ce ake yi a tsakar gidajenmu har gobe: wa ke yanke hukunci a kan rayuwar yaron da ya fara tasawa, ɗan shekara 13 zuwa 17, kuma da wane ma'auni ake yankewa?

Marubuciyar da labarinta

Hajiya Balaraba ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, shugaban ƙasar da aka kashe a 1976. Ita kanta an raba ta da makaranta an aurar da ita tana kamar shekara 13, auren bai ɗore ba, daga baya ta koma ta nemi iliminta ta hanyar karatun manya. Tana cikin marubutan ƙungiyar Raina Kama tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino, waɗanda masu suka suka laƙaba wa rubutunsu sunan Adabin Kasuwar Kano. Wani littafin nata, Alhaki Kuykuyo Ne, har an fassara shi da Turanci an buga a Indiya a 2012. Ke nan mai magana ba jin labari ta yi ba, ta ɗanɗana abin da take faɗa.

Ga wanda bai karanta ba, ga labarin a taƙaice. Zainab, wadda ake ce wa Abu, yarinya ce 'yar shekara 13 mai matuƙar son karatu. Mahaifinta Malam Garba ya cire ta daga makaranta, bisa ra'ayin da ya yi ƙarfi a ƙauyen cewa 'ya mace in ta fara girma ɗakin miji ne wurin zamanta. Da ma akwai maganar aure tsakaninta da ɗan uwanta Amadu, wanda shi an bar shi ya yi karatun boko. Sai Amadu ya juya baya, ya ce shi ba zai zauna da wadda ba ta yi karatu ba. Abin ya yi wa Malam Garba ciwo, kunya ta rufe shi, sai ya ɗauki Abu ya ba Sarkin Noma, dattijon da ya haura shekara hamsin. Yarinya ta sha baƙar wuya a wannan gida, ƙarshe ta gudu Kaduna wurin wata 'yar uwar iyayenta, Hajiya Kumatu. A can ta koma makaranta har ta zama ma'aikaciyar jinya, ta zama abin alfahari a idon mutanen da suka raina ta.

Inda littafin ya yi ƙarfi

Mutane da yawa in an ambaci littafin nan sai su ce, ai littafin auren dole ne. Haka ne, amma a ganinmu ƙarfinsa ya wuce nan. Abin da marubuciyar ta kama da kyau shi ne yadda musiba ke shiga gida ta ƙofar kunya. Malam Garba bai tashi da niyyar halaka 'yarsa ba. Uba ne irin waɗanda muke sallah sahu ɗaya da su. An ƙi 'yarsa, gari ya ɗauka, shi kuma ya rasa inda zai sa fuskarsa, sai ya nemi abin da zai rufe bakin mutane da gaggawa. Abin da ya samu a kusa shi ne rayuwar Abu. Hukuncin da ya yanke na wanke fuskarsa ne, yarinyar ita ta biya kuɗin sabulun.

Abu na biyu, duba yadda aka yi wa yarinyar tarko. An cire ta daga makaranta don ta dace da aure, sannan aka ƙi aurenta don ba ta yi makaranta ba. Ta ina za ta ɓulle? Sunan littafin ma tambaya ce da ke komawa kan masu yin ta. Su suka hana ta ilimin, su kuma suke yi mata gori da jahilci.

Abu na uku, kuma shi ya sa muka sa wa sharhin nan wannan suna: a duk manyan hukunce-hukuncen da suka juya rayuwar Abu, ra'ayinta bai zama abin lissafi ba. Barin makaranta, maganar Amadu, auren Sarkin Noma, duk a kanta aka yi, kamar buhun goro da ake ciniki mai shi yana gefe. Ranar da ta fara yanke wa kanta hukunci ita ce ranar da ta gudu. Wannan darasi ne mai nauyi ga kowane uba da kowace uwa. Yaron da ba a ba shi bakin magana a cikin gida ba, wata rana da ƙafarsa zai yi maganar.

Sai kuma harshe. Hausar littafin mai sauƙi ce, irin ta tsakar gida, babu ƙaƙale. Kuma marubuciyar ba ta tsaya a waje tana jifan addini ko al'ada ba. Daga ciki take magana, a matsayin Musulma Bahaushiya da ke cewa wannan abu da ake yi da sunan addini, ku sake dubawa. Shi ya sa maganarta ke shiga kunnen da maganar baƙo ba za ta shiga ba.

Sabo ba ƙauyensu Abu ba ce, amma fa

Unguwar nan tun 1916 aka kafa ta. Kakanninmu sun zo da fataucin goro da shanu, suka zauna a tsakiyar Yarbawa, suka riƙe harshensu da suturarsu da addininsu. Har wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a nan farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi a 1969 yana nuna yadda mutanen Sabo suka ƙanƙame al'adarsu don ita ce katangar da ke tsare musu amana da kasuwanci. Wannan riƙo shi ya sa har yau muke nan da sunanmu.

Amma zama cikin baƙunci yana zuwa da nasa tsoron. Uba a Sabo yana tsoron abin da uba a Kano ko Katsina bai cika damuwa da shi ba. Yana tsoron ɗansa ya tashi Yarbanci da Turancin buroka sun fi Hausa zama a bakinsa. Yana tsoron 'yarsa ta je makarantar da babu ruwanta da hijabi, ko ta kawo masa mijin da ba a san asalinsa ba. Yana tsoron ranar tashin hankali, irin wanda aka gani a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, ta same shi yaransa suna nesa da gida. Kuma unguwa ƙarama ce, kowa ya san kowa. Abin da ya faru a gidanka da hantsi, kafin la'asar ya kai wurin 'yan canji, kafin isha'i an buga waya an sanar da dangi a Arewa.

Daga wannan tsoro da wannan surutu ake ƙera dokokin gidaje da yawa. Ku saurara ku ji. Yarinya ta gama aji uku na ƙaramar sakandare, ta ce, "Baba, ina so in ƙarasa in rubuta WAEC." Amsa ita ce, "Ke rufe mini baki, a gidan nan ba a yi. So kike a ce na kasa aurar da ke?" Wannan "a ce" ɗin, ita ce dai ta Malam Garba. Yarinyar da aka hana ta zuwa makaranta don kada maza su gan ta, ita ce za a ɗora wa farantin talla ta bi tasha da bakin titi har bayan magariba, tana tara kuɗin kayan ɗaki. A wani gidan an ƙwace wayar 'ya mace an kulle, wanta kuwa ɗan shekara 16 yana kwana a shago, ba wanda ya san da wa yake hira ko me yake sha.

Kada a ji mu ba daidai ba. Gida babu doka kango ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Dokar dawowa gida kafin magariba, dokar sanin abokan yaro, dokar sallah a kan lokaci, dokar sa ido a kan abin da ake kallo a waya, duk garkuwa ce. Abin da littafin Hajiya Balaraba ke koya mana shi ne yadda za mu rarrabe dokar da ke tsare yaro da wadda ke tsare sunan uba kawai. Mu a namu nazarin tambaya uku ta isa. Wa dokar ke amfana, yaron ko bakin mutane? Za ka iya zaunar da yaron ka yi masa bayanin dalilinta ba tare da tsawa ba? Kuma ta hau kan kowa a gidan, mace da namiji, ko kuwa mai rauni kaɗai take dannewa? Hukuncin Malam Garba ya faɗi a duka ukun.

Inda littafin ya gaza

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Littafin yana da nasa raunin, kuma ya kamata mu faɗa.

Na farko, tsirar Abu ta rataya ne a kan sa'a. Ta yi dace tana da Hajiya Kumatu a birni, mai gida da hali da zuciyar karɓarta. Yarinya nawa ce ke da irin wannan? Wadda ba ta da ita fa, ina za ta? Labarin ya nuna hanyar mutum ɗaya, bai nuna abin da gari zai yi don kada a kai ga gudun ba. A zahiri, yarinyar da ta bar gida a garin nan ba makaranta ta fi saurin samu ba. Tasha ce a gabanta, da motar Legas, da wani da suka haɗu a Facebook ko TikTok wanda ya yi mata alkawarin duniya. Kuma ba kowace yarinyar da aka aurar tana ƙarama ke fita da lafiyarta ba. Doguwar naƙuda ga jikin da bai gama ƙosawa ba, in babu asibiti a kusa, tana cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari, cutar da har asibiti na musamman aka ware mata a Babbar Ruga ta Katsina.

Na biyu, sunan littafin da daɗin da mai karatu ke ji in ya ga waɗanda suka raina Abu sun sunkuyar da kai, suna iya barin mutum da fahimtar cewa amfanin karatun 'ya mace shi ne ta yi daraja a kasuwar aure, ko ta rama gori. Wannan ma'auni gajere ne. Yarinyar da ta yi karatu ta zauna a gidan talaka, ta iya karanta takardar magani, ta iya lissafin jarinta, ta iya duba aikin makarantar 'ya'yanta, ita ma ta ci riba ko da ba wanda ya zo ya ba ta haƙuri.

Na uku, Sarkin Noma mutum ne mai sauƙin ƙi. Da zarar uba ya karanta sai ya ce, ai ni ba haka nake ba, ban taɓa ba tsoho 'yata ba, ya rufe littafi hankalinsa kwance. Alhali a yau tauye yaro ba ya bukatar Sarkin Noma. Ya isa a ce an cire shi daga aji an tura shi tsaron shago, ko a yi ta dukansa har ya daina magana, ko a bar shi sakaka babu mai tambayar ina ya kwana.

Na huɗu, kuma wannan ya fi damunmu a Sabo: littafin labarin 'ya mace ne, bai tsaya a kan samari ba. Mu kuwa rabin ciwonmu yana wurin yara maza. Yaro ɗan shekara 14 ya ga sa'ansa yana kai saƙo wurin 'yan canji ana ba shi na kashewa, ko yana jan acaɓa, ko yana bin motar shanu zuwa kara, sai aji ya fita daga ransa. Iyaye kuma su yi shiru tunda yana kawo cefane. Kuɗi a hannun yaron da ba mai sa masa ido, ƙarshensa shagon caca na ƙwallo da kayan maye. Gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma duk wanda ke zaune a unguwa ya san ƙwaya irin su tiramadol ba su ɓace ba. 'Ya mace doka ta yi mata yawa, ɗa namiji doka ta yi masa kaɗan, kuma dukansu biyu abu ɗaya suka rasa, wato babban da zai zauna ya saurare su. Har yanzu muna jiran marubucin da zai ba mu labarin wannan yaro da irin gaskiyar da aka ba da labarin Abu.

Me dokar ƙasa ta ce?

Lokacin da littafin ya fito, Najeriya ba ta da dokar haƙƙin yara irin ta yau. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989, Najeriya ta tabbatar da ita a 1991, sannan a 2003 aka yi dokar haƙƙin yara ta tarayya. Jihohi kowace ita ke ɗauka ta mai da ita tata. Jiharmu ta Oyo ta yi tata a 2006, Legas a 2007. Ke nan mu da ke zaune a nan, doka ce da ke kanmu, ko mun sani ko ba mu sani ba.

A dokar ta tarayya, yaro shi ne duk wanda bai kai shekara 18 ba. Sashe na 15 ya ba shi haƙƙin karatun farko kyauta kuma dole, har ya ce yarinyar da ta samu ciki kafin ta gama a ba ta dama ta koma bayan ta haihu. Sashe na 21 ya hana aurar da wanda bai kai 18 ba. Sashe na 30 ya hana amfani da yaro wajen bara ko talla a manyan tituna. Akwai kuma dokar ilimin bai ɗaya ta 2004, wadda ta wajabta shekara tara a makaranta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare.

Mun san abin da ake faɗa a majalisu: wai dokar Turawa ce, an kawo ta ne don yara su raina iyayensu. Wanda ya faɗi haka bai kai sashe na 19 da na 20 ba. A nan dokar ta ɗora wa yaro nauyin girmama iyayensa da na gaba da shi da taimaka musu, ta kuma tabbatar wa iyaye matsayinsu na masu shiryarwa da tarbiyya. Maganar shekara 18 kuwa, gaskiya ne akwai saɓani a kanta tsakanin malamai da 'yan majalisa, an daɗe ana yi, shi ya sa jihohin Arewa da dama suka jima kafin su yi tasu dokar. Ba a wannan shafi za a kashe wannan muhawara ba. Amma ko mutum yana wane ɓangare, akwai abin da ba a saɓa a kai ba: yaro amana ne, kuma ba a yanke masa hukuncin da zai cutar da shi don a huce haushi.

Me addini ya ce?

Tun kafin dokar 2003, muna da abin da ya fi ta ƙarfi a zukatanmu. Ya tabbata a hadisi cewa ana neman izinin budurwa kafin a aurar da ita. Ya tabbata kuma cewa Khansa'u 'yar Khidam, wadda ta taɓa aure, mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara wurin Manzon Allah (SAW), ya warware auren. Malamanmu na Malikiyya da suka ba uba ikon zaɓa wa 'yarsa budurwa miji, sun gina shi ne a kan zaton cewa uba ya fi kowa tausayinta da neman maslaharta, ba su ba shi don ya cutar da ita ba.

Ku tuna ƙissar Annabi Ibrahim (AS) a Suratus Saffat. Umarni ne daga Allah, amma duk da haka sai da ya gaya wa ɗansa, wanda ya kai munzalin tafiya aiki tare da shi, ya nemi jin ta bakinsa. Ku tuna yadda Lukman ya yi wa ɗansa nasiha, da kira mai taushi, kowane umarni da dalilinsa. A ƙasar Hausa kuma, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'yan taru, tana tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata. Saboda haka mai cewa karatun 'ya mace ko sauraron yaro baƙon abu ne, tarihinsa ne bai bincika ba.

Ku kuma matasa

Kada wani yaro ko wata yarinya su karanta littafin nan su ɗauka lasisin tsallake katanga ne. Ku lura da inda Abu ta nufa: gidan 'yar uwa ta je, daga nan sai aji. Ba ta bi saurayi ba, ba ta shiga duniya ba. Kuma abin da ta guda zalunci ne bayyananne, ba don an hana ta waya ko an ce ta wanke kwanuka ba. Yawancin dokokin da ke ba ku haushi yau, nan da shekara goma da bakinku za ku gode. In kuna da magana, ku faɗe ta da ladabi. In Baba ya yi muku kwarjini, ku bi ta wurin Inna, ko Kawu, ko Gwaggo, ko malamin Islamiyya. Mai neman a saurare shi, shi ma sai ya iya sauraro. Wanda ya ƙi ji kuwa, ba ya ƙi gani ba.

Abin da za mu iya yi a unguwa

Tunda mun ce raunin littafin shi ne dogaro da sa'ar samun Hajiya Kumatu, to mu samar da ita tun kafin a kai ga gudu. Kowane dangi yana da dattijuwa ko dattijon da ake jin maganarsa. A san da shi, yara su san ƙofarsa a buɗe take, iyaye kuma kada su ɗauki zuwan yaro wurinsa a matsayin tonon asiri. Limamanmu da fadar Sarkin Hausawa suna sasanta rigimar kasuwa da ta aure kullum. Maganar cire yaro daga makaranta ita ma ta cancanci a zauna a kanta kamar yadda ake zama a kan bashi.

Sannan mu dubi abin da ke gabanmu. Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1948, tana garin nan. Asibitin koyarwa na UCH da makarantarsa ta koyon jinya, daga Sabo ba tafiya ba ce mai nisa. Matanmu kullum suna fatan in sun je awo ko haihuwa su tarar da mace mai jin Hausa wadda za su gaya wa ciwonsu ba tare da tafinta ba. To daga ina za ta fito, in ba daga ɗakunanmu ba? Aikin da Abu ta yi a ƙarshen labari, ga makarantarsa nan a bayan gidanmu.

Wani abin kuma, yaranmu da yawa suna jin Hausa amma karanta ta da boko yana ba su wuya, don a makarantun nan Yarbanci ake koyarwa. Wannan ma dalili ne na a nemo littafin a karanta shi a bayyane, uwa da 'yarta, ko a ajin matan aure na Islamiyya bayan an tashi. A karanta babi ɗaya, a ajiye, a tambayi yaran: ku me kuka gani? Da ke ce Abu, me za ki yi? Da kai ne Malam Garba fa? Za ku sha mamakin abin da zai fito daga bakin yaron da kuke zaton bai san komai ba. Riba biyu ke nan, ga harshe an riƙe, ga hira ta buɗe.

Hukuncinmu

Wa Zai Auri Jahila? ba cikakken littafi ba ne. Mafitarsa ta yi sauƙi, mugunsa ya yi bayyana da yawa, kuma ya bar samari a waje. Amma bayan shekara talatin da 'yan kai bai tsufa ba, domin ya sa yatsa a kan ainihin ciwon: hukuncin da ake yanke wa yaro don gudun abin da mutane za su ce. Muna ba iyaye maza shawara su riga kowa karanta shi, kuma in sun zo kan Malam Garba kada su yi saurin wucewa. Mutanen da ake tsoron bakinsu, ranar da abu ya lalace ba za su zo su ɗauke maka kaya ba, sabon zance za su samu. Kafin ka yanke wa ɗanka ko 'yarka hukuncin da zai bi su har tsufa, kira su, ka zaunar da su, ka ji ta bakinsu. Hukunci dai naka ne, ba wanda ya ƙwace maka girmanka.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba iyaye haƙuri da adalci, ya ba yara biyayya da albarka, ya zaunar da unguwarmu da garinmu lafiya. Mai gyara ko ƙarin bayani, ƙofar wannan fili a buɗe take, musamman ku matasa, muna son jin ta bakinku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.